Yadda Ci Gaba Ya Jiƙa Mini Bango

Ranar da abin ya fara ba ni tsoro, na fito ne da safe cikin fararen kaya zan je duba wani abokin aiki da aka sallamo daga asibiti. Ina jiran mai babur a ƙofar gida, sai na jingina da bango kamar yadda na saba, na naɗe ƙafa ɗaya na dafa ta baya. Da na tashi tafiya sai bangon ya ce ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Fuskar bulo guda ta ɓare ta biyo diddigena, ta zube a ƙasa kamar garin jar ƙasa, bayan wandona kuwa ya koma kore shar. Uwar yarana ta leƙo ta gan ni. Ba ta ce sannu ba. Ta ce ai ta daɗe tana faɗa mini bangon nan yana gumi, amma ni ba na jin magana sai in a rediyo aka yi ta.

Jama'a, wannan bango ba bangon wasa ba ne. Jan bulo ne gasasshe, mahaifina ya tsaya a kansa da kansa aka jera shi, kuma tun ina rarrafe ban taɓa ganin ya yi ko atishawa ba. Amma ranar da na durƙusa na dube shi da kyau, sai na ga danshi ya taso daga ƙasa ya kai tsayin gwiwa. Ya ja wani layi mai lanƙwasa kamar taswirar ƙasar da ba a gama rabawa ba, a bakin layin ga wani farin gari kamar gishiri, a ƙasansa gansakuka ta shimfiɗa tabarma. Simintin da ke tsakanin bulo da bulo kuwa, in ka sa farce sai ya biyo ka.

Da bangon shago ne ko na ɗakin ajiya, da na ce Allah ya kyauta na wuce. To bayan wannan bango ɗakin Inna yake, mahaifiyata. Da muka ja akwatunanta sai muka tarar fumfuna ta yi baƙi a bayansu, zannuwanta na ƙasan akwati suna wari kamar an tono su. Sai a lokacin na haɗa wannan da tarin da take yi tun farkon damina, wanda muke ta ɗora wa sanyin safiya. Na roƙe ta ta koma ɗakin tsakiya kafin a gano bakin zaren. Ta ce ba inda za ta. A ɗakin nan ta haife ni, ta wannan taga take gaisawa da duk wanda ya gifta a layi, kuma bango ne ya jiƙe ba ita ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu magana. Ni dai nawa ɗakin ya ƙaryata su, don ban san komai ba. Na ari tsani na hau rufi, ni da ko kujera in na hau sai an riƙe mini. Na kwashe busassun ganye daga indararo, na rushe wa wata tattabara gida ba da haƙƙinta ba, na sauko. Aka yi ruwa, danshi ya ƙara hawa. Surukina ya zo ya ce in shafe bangon da fenti mai mai, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damu da shi ba. Na ce masa da wannan basirar ban san me ya hana a ba shi muƙami ba.

Na kira birkila. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can, ya ce ba daga sama ba ne, don ruwan rufi in ya sauko yakan bar zane daga sama zuwa ƙasa, wannan kuwa hawa yake yi. Ya ce bulo kamar lagwani yake, in gindinsa na cikin ruwa sai ya yi ta tsotsa, kuma duk abin da zan shafa a kai asara ce muddin ban gano inda ruwan yake zaune ba. Ya ce in duba bututu. Na kira mai gyaran famfo, ya fasa mini ƙasan banɗaki ya fito da bututun, muka leƙa ciki. A bushe yake ƙayau, har gizo-gizo ya tara iyali. A nan dole in tsaya in yi godiya ga masu kula da ruwan shanmu, Allah ya ƙara musu hutu. Da suna sako mana ruwa da bututun nan ya shiga cikin waɗanda ake zargi. Da yake sun daɗe da yafe mana, sai bincike ya zo da sauƙi.

Saura mutum ɗaya, kuma uwar yarana ce ta fara ambatarsa. Maƙwabcina tela ne, duk layi Sai-Gobe muke ce masa, don ba ka taɓa zuwa karɓar ɗinki ya ba ka wata amsa ba wannan ba. Tare muka tashi, benci ɗaya muke zama da yamma, shi ya riƙe ni ranar da mahaifina ya rasu. Amma ramin banɗakinsa yana kusa da kusurwar bangona, kuma uwar yarana ta ce ita hancinta ba ya mata ƙarya. Na yi ta juya maganar a raina, daga baya na je na same shi a kan keken ɗinki, na yi ta kewaye-kewaye, na ce ko zai sa a duba ramin nasa, don lafiyar Inna.

Ya cire ƙafa daga kan keke, ya ajiye almakashi. A karo na farko a tarihin layinmu, Sai-Gobe ya yi abu a ranar da aka ce ya yi. Kafin rana ta yi sanyi ya ɗauko masu haƙa, sun buɗe gefen ramin ta ɓangarena. Siminti lafiya lau, ƙasar da ke kewaye da shi a bushe. Ya kira ni na leƙa.

Ya ce, “Maƙwabci, ka gani da idonka? To ka riƙe bangonka, in riƙe ramina.”

Daga ranar benci ya zama nawa ni kaɗai. Matansu da namu da suke aron rariya da wuta ta kan katanga suka koma gaisuwar da ba a ɗaga kai. Inna ta kira ni ta taga ta ce na bar jaki ina dukan taiki. Na ce to ki nuna mini jakin. Ta ce da ta san inda yake ai da ba ta kwana da tari ba.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya kamata in fara tunawa, amma biyayya ta rufe mini ido. Bara aka yi mana titi. Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ja zamanin almakashinsa, shi ya tuna da mu bayan an daɗe ana mana alkawari duk lokacin da ake neman hannunmu. Aka zo da manyan motoci aka yi ta zuba ƙasa, titi ya tashi sama har sai da muka riƙa gangarawa in za mu shiga gidajenmu. Aka ja kwata a gefe, wani wuri a buɗe, wani wuri an rufe da falalen siminti. A daidai kusurwar bangona kuma aka gina wani allo mai tsayin mutum, aka manna hoton Mai Girma yana murmushi, aka jera baƙaƙe na ƙarfe masu sheƙi. A sama an rubuta AN KAMMALA, a ƙasa MAI GIRMA da sunansa da laƙabobinsa har sai da wuri ya ƙare. Ranar da aka yaye ƙyallen da ke kansa na tafa har tafin hannuna ya yi ja. Na riƙa yi wa baƙi kwatancen gidana da shi.

Wata rana da la'asar hadari ya taso da iska. Ina tsaye a ƙarƙashin rumfata, Sai-Gobe yana ƙarƙashin tasa, kowa ya mai da hankali kan ruwa don kada ya kalli ɗan'uwansa. Sai iska ta fizge hularsa ta jefa a kwata. Layinmu kowa ya san inda yake gangarawa, can ƙasa wajen fadama. Amma hular nan sai ta juyo ta nufo gidana. Ta wuce ƙofarsa, ta wuce tawa tana rangaji, ta shige ƙarƙashin falalen da ke gindin allon Mai Girma, ba ta fito ta ɗaya gefen ba. Sai-Gobe ya biyo ta da gudu cikin ruwa. Ni kuma na ga ba daidai ba ne mutum ya tsaya yana kallo, na ɗauko wani ƙarfe na bi shi. Muka sa ƙarfe muka ɗaga falalen.

Gani ya kori ji. Hular tana nan tana juyi a cikin wani ɗan tafki, kwaɗi suna kallonmu kamar mun shigo musu ɗaki ba sallama. Kwatar a nan ta ƙare. Harsashin allon Mai Girma ya toshe ta ruf, ba ƙofa ba taga. Gefen da ke kallon titi an shafe shi da siminti sumul, gefen da ke kallon bangona kuwa ƙasa ce tsirara. Wato duk ruwan da ya sauka a layinmu, da na wanki da na wanke-wanke, nan yake taruwa ya kwana, ya bi ƙasa a hankali ya je ya gaida Inna. Da birkila ya dawo ya tona gindin bangon, sai ya nuna mini wani baƙin layi na kwalta da mahaifina ya sa tsakanin bulo don ya tare danshi. Cikon titi ya binne shi, ruwa yana shiga ta samansa.

Sai-Gobe ya tsamo hularsa ya matse, ya dubi hoton, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a kan falalen cikin ruwa. Ya ce ashe ramin da ya kamata a tona yana da laƙabi. Na ba shi haƙuri, ya ce in bari sai gobe. A bakinsa wannan yafiya ce.

Washegari muka saka kayan kirki muka tafi kai ƙara. A ofishin farko wani mai ƙaton teburi ya tambaye mu ruwan yana tafiya ne ko yana tsaye. Muka ce tsaye yake. Ya ce su ruwa mai tafiya suke kula da shi, tsayayye na masu tsabtar gari ne. Masu tsabta suka ce akwai sauro? Muka ce har da jikokinsu. Suka ce madalla, sauro nasu ne kuma za su duba lamarinsa, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa na masu titi ne. Masu titi suka ce titin ya jiƙe? Muka ce a'a, titi kam a bushe yake. Sai mutumin ya miƙo mana hannu, ya ce ya ji daɗi da talakawa suka tako da ƙafarsu don su yaba aiki. Ba ni da bakin da zan kwatanta muku irin tarbiyyar ma'aikatan nan. Ba wanda ya ɗaga mana murya. Kowa cikin fara'a ya nuna mana ƙofar wani.

Da muka ƙi gajiya, sai aka kafa kwamiti. Suka zo a jerin motoci masu baƙin gilashi, waɗanda man da suka sha a ranar ya isa a fasa kwata a kai ta fadama. Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamiti ya sauko ana riƙe masa lema, ko da yake ba ruwa ba rana. Aka fito da wata na'ura daga jaka, aka ce daga waje aka sayo ta musamman don auna danshi. Aka danna, shiru. Ba batir. Sai da Inna ta miƙo na tocilanta ta taga. Aka manna na'urar a ƙasan bango ta yi ƙara, aka manna a tsakiya ta yi shiru, aka manna a sama ta yi shiru. Shugaba ya gyara murya ya sanar da cewa mafi yawan bangon a bushe yake, kuma a tsarin da muke ciki rinjaye ake bi. Abin da ya rage kuma laifin gidan ne. Titi ya ci gaba, gidana ya tsaya inda yake tun zamanin mahaifina, ya kamata in yi tunanin ɗaga shi.

Na ce ranka ya daɗe, ga falalen nan, a ɗaga a gani, allon nan ne ya toshe hanya. Shugaba ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, “Malam, allon nan Mai Girma da hannunsa ya yaye masa ƙyalle. Kana so ka ce Mai Girma ne yake jiƙa maka bango?”

Kowa ya kwana lafiya shi ya so. Na ce wane ni. Inna ce dai ba ta da abin da za a ƙwace mata. Ta leƙo ta ce, “Ɗan nan, shigo ka kwana ɗaya a ɗakin. In ka tashi ba tari, ni ma na yarda da rinjaye.” Ya ce Allah ya ƙara lafiya, Inna, ya shige mota. Wani daga cikinsu da ya tsaya ɗaure takalmi ya faɗa mini ƙasa-ƙasa cewa a zanen aikin kwatar har fadama ta kai, ranar buɗewa ce ta riga aiki isowa, aka rasa inda za a kafa allo sai inda haƙa ta tsaya. Ya kuma ce in ina son kaina kada in taɓa allon ko da tsinke, don ɓarnar kayan jama'a ba ƙaramin laifi ba ne. Suka tafi da batirin Inna.

Daga nan wasa ya ƙare a gidana. Tarin Inna ya sauka ƙirji, numfashinta ya riƙa fita da ƙara, har sai da muka kai ta asibiti aka riƙe ta. Likita ya ce kada ta sake kwana cikin danshi. Da aka sallamo ta muka shimfiɗa mata a ɗakin tsakiya, wannan karon ba ta yi musu ba, kuma rashin musun nata ya fi tarin tayar mini da hankali. Ta daina tambayar wa ya wuce a layi. Sai-Gobe ya zo da guduma a cikin buhu, muka tsaya a gaban allon muna kallonsa, shi ma yana kallonmu yana murmushi. Muka tuna muna da iyali, muka mai da guduma. Abin da muka koma yi shi ne, duk lokacin da aka ɗauke ruwa sai mu fito da bokitai, ni da shi da matanmu, mu kwashe tafkin mu watsa a kan titin da ya ci gaba, ya gangaro ya dawo mana.

To shi danshi bai san manya ba, bai yi makarantar ladabi ba. Da ya gama da bangona sai ya juya kan maƙwabcinsa, allon Mai Girma. Kore ya fara hawa allon, ya kama rigar Mai Girma, ya kai masa haɓa har ya yi masa gemu. Gam ɗin da ke riƙe da baƙaƙen ƙarfe ya jiƙa ya saki. Wata safiya muka tashi muka tarar baƙaƙe sun zube daga tsakiyar KAMMALA, abin da ya rage a kan allo kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi: AN KAMA MAI GIRMA. Ban san wanda ya ɗauki hoton ba, kuma ina roƙon a rubuta cewa wayata ba ta da kyamarar kirki. Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya a gari, har wasu suna taya juna murna.

Ni da nake cewa ma'aikatanmu ba sa sauri, na janye maganata. Gari bai gama wayewa ba sai ga motar haƙa a ƙofar gidana. Ba a tambayi ko ruwan na tafiya ko na tsaye ba. Masu titi da masu tsabta da masu ruwa mai tafiya duk suka haɗu, Shugaban Kwamiti da kansa yana nuni da lema. Aka fasa gefen kwata aka yi wa ruwa hanya, aka shafe gefen kwatar da ke kallon bangona da siminti don kada danshi ya sake zagayowa ta baya ya taɓa allo, aka kankare gemun, aka kawo sababbin baƙaƙe aka ɗaure da ƙusa. Kafin yamma tafkin ya ƙafe, kwaɗi sun yi hijira. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Bango yana bushewa a hankali. Birkila ya kwashe ƙasar da ta binne kwaltar mahaifina, ya ce kada a shafa komai sai bulon ya gama fitar da abin da ya sha. Mun wanke ɗakin, mun shanya akwatuna, Inna ta koma bakin tagarta. Tarin ya ragu, kuma jiya na ji tana yi wa mai kayan miya faɗa a kan tsada, na san lafiya ta samu.

Sai dai ruwan ba fadama aka kai shi ba, don fadama da nisa kuma ba allo a hanya. An lanƙwasa shi ne aka saka shi a layin da ke bayanmu. Shekaranjiya muna zaune a benci ni da Sai-Gobe, sai ga wani dattijo mai gyaran agogo daga can, ya yi sallama cikin ladabi. Ya ce an gaya masa ni masani ne a kan danshi. Bangon ɗakin jikokinsa ya fara jiƙewa daga ƙasa, ya hau rufi bai ga komai ba, yana so in ba shi shawara. Muka matsa masa ya zauna, muka faɗa masa gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Ya ce to yanzu wane ofishi zai fara zuwa.

Na tambaye shi ko akwai allon wani babba a kusa da gidansa, ko da ƙarami ne, ko da na wanda ya sauka ne. Ya ce babu, sai wata bishiya da turken wutar da ba ta zuwa. Sai-Gobe ya tashi ya shiga gida, ya fito masa da bokiti.